Gareji a Ƙasa, Ɗaki a Sama

Tun muna yara ban taɓa cin Yaya a faɗa ba. Shekara huɗu ya ba ni, ga tafin hannu kamar marfin tukunya, in ya mare ka sai ka nemi wuri ka zauna tukuna. Ni kuwa baki Allah ya ba ni, kuma shi ke jawo mini dukan. Inna takan ce ni bakina ne zai kashe ni, shi kuma babur. A unguwar Limawa ta Minna muka tashi, gidan da kakanmu ya gina lokacin da aikin reluwe ya kawo shi daga Kano. Kowa ya yi aure sai ya ƙara ɗaki, har tsakar gidan ta koma lungu. Na zama tela, na kama shago a bakin titi. Yaya ya zama bakanike, amma ba irin mai gyara don ya samu na tuwo kawai ba. Shi ciwon babur ke damunsa, kuma da kunne yake aiki. Mashin zai wuce a titi muna zaune, ya karkata kai ya ce wannan filoginsa ya kusa mutuwa, jibi sai ka ga mai shi yana turo shi.

Akwai wani babur da ya haɗa da hannunsa, shi ne sarkin gidanmu. Gangar jikin daga Panteka ta Kaduna ya ɗauko ta. Injin a Wushishi ya same shi wurin wani manomi da ya jingine shi jikin rumbu, kaji na kwana a kai. Tankin na wani babur ne da wani Bafulatani ya faɗa rafi da shi. Shekara biyu yana haɗawa, ranar da ya tashi duk unguwa ta fito kallo. Makulli dai babu. Ya ce wanda ake sayarwa yanzu jabu ne, ba zai sa wa dokinsa ba. Sai ya zaro wayoyi biyu a ƙarƙashin tanki, in zai fita ya durƙusa ya murɗe su, ya taka kik. Na sha ce masa ya sa wa abin nan makulli kamar na mutane. Yakan ce, "Wanda duk ya iya tayar da shi in ba ni ba, na ba shi kyauta."

A zaure baburin yake kwana, mai shiga da mai fita sai ya raɓe. Baƙin mai ya ɓata daɓe, Inna ta ce har a tuwo tana jin warin fetur. Da rigima ta yi yawa, Yaya ya nemi fili a can bayan Kpakungu, inda gari ke cin gonaki, ya samu. Daga ranar ni na rasa sukuni. Kullum bayan la'asar sai na ji ƙarar nan ta tsaya a ƙofar shagona, ya shigo da hannunsa dumu-dumu ya zauna a kan shaddar mutane.

"Tela, ɗauko allinka."

A bayan kwalin da ake naɗe yadi nake zana masa. Ƙasa gareji, sama ɗaki. Ƙofar gareji ta kalli gabas don hasken safe ya sauka a kan inji, ranar yamma kuma, wadda ke dafa ƙwaƙwalwar mutum a Minna, ta bugi bayan gini. Dogon benci a jikin bango, samansa allo da ƙusoshi, kowace sufana a zana siffarta da fenti, in an ɗauke ta bango ya tona asiri. Dakali daidai ƙugunsa da zai riƙa hawar da babur, don ya gaji da durƙuso. Kwata ta baƙin mai da za ta zuba a durom. Ya kuma sa na rubuta a gefe cewa ba za a kafa injin niƙa kusa da shi ba, kamar ni ke raba filayen unguwar.

Matakala kuwa ya ce ba ya so. Gangare yake so, shimfiɗaɗɗe, da zai hau da babur daga gareji har bakin gadonsa.

Na ce, "Yaya, wannan gangaren ai sai ya faro daga gonar maƙwabci."

"To lanƙwasa shi mana, yadda kake lanƙwasa wuyan riga."

"In birki ya ƙi fa? Ta taga za ka fita?"

"Birkina bai taɓa ƙi ba. Zana."

Na zana. Ya sa na buɗe masa taga a daɓen ɗakin, da ƙarfe a gicciye, don yana kwance ya leƙa ya ga baburan da ke ƙasa. Mun yi wata guda muna wannan aiki kafin na lura gidan ba banɗaki. Da na gaya masa sai ya ce ai akwai masallaci kusa. Na yi dariya har na sha ranƙwashi, ni da furfura ta fara fito mini a gemu. Ranar na yaga kwalin biyu na jefa masa, ya tsince, washegari ya dawo da shi a liƙe da salatif.

Ina son Yaya, amma ina jin haushinsa, kuma haushin ya daɗe. Ni ke kai Inna asibiti, shi yana wanke kaburato. Ni ke zuwa biki da ta'aziyya da sunan gida, in an tambaye shi in ce yana gaisuwa. Duk da haka in ya shigo Inna sai ta washe baki ta tura masa naman da ke miya. Ban taɓa faɗa ba, na dai riƙa haɗiyewa.

Wata Asabar a farkon damina muka tafi kafa turaku. Mun isa da sassafe, ba kowa a waje. Ya ajiye baburin jikin wata katanga kusa da teburin mai shayi, mai shayin ma bai fito ba. Filin yana bayan wani kango, daga can ba a hango titi. Muka yi ta awo, shi yana riƙe da kan tef yana ba da umarni, ni ina buga turke da dutse. Da hantsi ya ɗaga sai ya ce rana ta kai kan tankinsa, bari ya matso da shi inuwa. Ya tafi yana fito da baki.

Abin da ba mu sani ba, ɓarayin mashin sun addabi unguwar. A makon nan ma an sare wani ɗan acaba a kai an tafi da nasa, ko sadakar bakwai ba a yi ba. Kafin Yaya ya koma, 'yan acaba sun jera mashinansu kusa da nasa suna shan shayi, cikinsu har da ƙanin mamacin. Sai ga baƙo cikin kaya masu maiƙo ya fito daga bayan kango, bai yi wa kowa sallama ba, ya durƙusa gindin babur ya zaro wayoyi. Mai shayin ne ya ba ni labarin yadda maganar ta kasance, daga baya, yana rantsuwa yana share hawaye.

"Oga, wannan mashin naka ne?"

"Nawa ne."

"Ina makulli?"

Yaya ya yi dariya. "Wannan ba ya cin makulli. Hannuna ya sani."

Wani ya ajiye kofinsa ya miƙe. "To kawo takarda mu gani."

"Takardar wanne? Ai babura uku ne a nan, kowanne da garinsu."

Alfahari yake yi. Wannan maganar ya saba yin ta a Limawa a tafa masa. A nan kuwa bai rufe baki ba wani ya kwarara ihu da Hausa da Yarbanci, "Ɓarawo! Ole!" Na farkon da ya kama wuyan rigarsa Yaya ya kai shi ƙasa da mari ɗaya, na biyu ya zubar masa da haƙori. Wannan ya ƙarasa tabbatar musu. Sai wani ya zo ta baya da guntun bulo.

Ni ina can ina buga turke na ji hayaniya. Har na ce a raina yau wani ya shiga uku. Sai na lura ban ji ƙarar baburin ba, ga shi ya daɗe da tafiya. Na zagayo kangon da gudu, turken yana hannuna.

Mutane sun yi da'ira, masu fitowa daga gidaje suna ta ƙaruwa. Na kutsa. Yaya yana ƙasa, an yage rigar, ya dunƙule ya rufe kansa da hannuwa. Katako ke sauka a kansa, da bel, da guntun rodi. Wani mai takalmin soja yana ta harbin haƙarƙarinsa wuri ɗaya, yana nishi kamar mai faskare. Wani ya taka yatsunsa da dunduniya ya murza. Fuskar ba ta ganuwa, jini ya haɗu da jar ƙasa ya rufe idanun. Wata mata da goyo tana cewa a kashe shi, a kashe shi, tana gyara zanin goyon. Wasu sun ɗaga waya suna ɗauka. Na ga taya tana gangarowa daga wajen mai faci, na ga wani ya cire tiyon mashin ɗinsa yana tsiyayar fetur a gora.

Na buɗe baki zan ce yayana ne. Mutumin da ke gefena ya riga ni, ya ce, "Ba su zuwa su kaɗai! A nemo na biyun!" Bakina ya rufe da kansa. Na san in na faɗa, taya biyu za a kawo.

Ina almajirin ɗinki na taɓa ganin wani tsohon mahauci ya ƙwaci yaro daga hannun taro a kasuwa. Bai roƙi kowa ba. Shiga ya yi ya fi kowa fushi, ya fi kowa duka, har yaron ya zama nasa, ya ja shi ya tafi. Shi ne ya faɗo mini a rai. Na ture mai takalmin na tsaya a kan Yaya, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, na yi wata kururuwa da ban san ina da ita ba.

"Shi ne! Wallahi shi ne! Nawa ya sata makon jiya! Ku bar mini shi!"

Na sauke masa turken a kafaɗa. Ba wanda ya kula. Dukan tela ne, kowa ya ga ba zuciya a ciki. Mai gorar ya iso ya fara watsa fetur, ya jiƙa Yaya ya jiƙa wandona, wani yana laluben ashana a aljihu. An ɗaga tayar. Yaya ya sauke hannu ɗaya daga kansa, wanda aka taka, yana neman dafa ƙasa. Gefen kansa na hagu ya fito fili ba kariya. Na kama turken da hannu biyu na ɗaga har bayan ƙeyata na sauke.

Ƙarar ta yi kama da an fasa kwakwa. Jikinsa ya saki gaba ɗaya. Jini ya fito ta cikin kunnen, siriri, ya bi wuya. Taron ya ɗan ja da baya, har mai takalmin ya kalle ni. Na tofa wa Yaya yawu, na nuna mai ashana da turken.

"Ka ƙyasta in fasa kanka! Sai ya faɗi inda nawa yake!"

Wani saurayi ya matso idonsa jajir, ana rirriƙe shi, ana cewa ɗan'uwansa aka kashe. Na juya kansa. "Kai! Ba ka son sanin waɗanda suka sare yayanka? Gawa tana magana? A kai shi gidan mai unguwa ya lissafa su ɗaya bayan ɗaya, sannan ku ƙona shi, ni zan kawo ashanar!" Ya tsaya yana huci. Sai ya ce, "A kai shi." Maganarsa ce ta yi aiki, ba tawa ba.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na sha lissafa dukan nan na biyu. Rabinsa ma da ya isa. Da na ɗaga turken tsoro ne ya ɗaga shi, amma da yana saukowa akwai wani abu da ya hau kai, dariyarsa, da bakinsa da bai san inda ake rufe shi ba, da marin shekara da shekaru, da naman miya. A karon farko na doke shi bai rama ba, kuma wani lungu na zuciyata ya ji daɗi. Wannan ne ke hana ni kallon hannuna in ina alwala.

Na kama wuyan rigar da ta rage na ja, saurayin ya kama ƙafa. Tafiyar ba nisa amma ba a fasa dukansa ba. Duk wanda ya matso sai in riga shi, in kai wa Yaya shuri ina zagi, don kada wuri ya buɗe wa wani. Na zagi uwarsa a bainar jama'a, uwar da ta haife ni. Mai unguwa dattijo ne, ya ji hayaniya ya fito ƙofar zaure. Ya sa aka shigar da Yaya, ya ce mai ƙara kaɗai zai shiga, ya ja ƙofar ƙarfe ya sa sakata. Na zube a gabansa.

"Baba, yayana ne. Uwa ɗaya uba ɗaya. Baburinsa ne. Filin bayan kango namu ne."

Ya dubi Yaya, ya dubi turken da har yanzu ban saki ba. Ya aika ta ƙofar baya aka kira wanda ya sayar da filin, ya zo ya leƙa ya yi salati. Da suka fita suka yi wa taro bayani, kafin a samo Keke mai ƙafa uku da za a kai Yaya asibiti rabin mutanen sun zame, kowa ya tuna yana da aiki. Baburin kuwa ko ƙwarzane bai samu ba. Sun tura shi inuwa sun lulluɓe shi da buhu, suna jiran mai shi ya zo.

Haƙarƙari uku suka karye, da yatsu biyu, ɗinki kuma ban ƙirga ba. Duk waɗannan sun warke. Kunnen hagu ne bai dawo ba, kuma ya bar masa jiri. Ranar da ya fara gwada hawa babur a ƙofar gida, ko taku goma bai yi ba ya kife a kwata. Ya tashi ya sake, ya sake kifewa. Yanzu in an kawo masa gyara sai ya juya kai gefe ɗaya yana bin ƙarar, ya daɗe, wani lokaci ya ce a sake tayarwa. Daga bulon da aka buga masa bai tuna komai ba sai abu ɗaya. Ya ce yana cikin duhu ya ji wani ƙato ya tsaya a kansa yana rantsuwa da Allah cewa ya sace masa mashin, sai kansa ya fashe. Mai unguwa da ya zo dubiya ya ce masa, "Ƙaninka ne ya janye ka daga wuta." Gaskiya ya faɗa, ya tsaya a nan. Ni ma ban ƙara ba.

Inna ta yi kuka ta ce a sayar da filin. Yaya ya ce inda jininsa ya zuba nan zai zuba kankare. Ya zo shagona a Keke, ya zauna, ya ce in ɗauko kwalin. Ya sa yatsa a kan gangaren.

"Goge wannan. Sa matakala, da ƙarfen dafawa."

Na goge da gefen hannuna ban ɗaga kai ba.

Ranar haƙa harsashi mutanen unguwar suka yi mana gayya. Mai unguwa ne ya tara su. Mai shayi ya zo da butarsa, ƙanin mamacin ya zo da diga, har mai takalmin nan na gane shi duk da silifa ya sa. Suka yi ta haƙa ba mai kallon wani. Yaya yana zaune a benci ƙarƙashin lema, ni ina tsaye a gefensa. Da rana ta take mai unguwa ya ce a dakata, ya yi magana a madadinsu, ya ce Shaiɗan ne da zafin rashi, a yafe don Allah. Suka matso ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa.

Yaya ya ce, "Na yafe muku. Ku kun ɗauka gaskiya kuke yi, ni ma bakina ya jawo. Da ɗan'uwana aka sare, da na yi abin da ya fi haka." Ya shafa gefen kansa. "Amma akwai mutum ɗaya. Shi ya san ƙarya yake yi. Ban taɓa ganin mashin ɗinsa ba, ya rantse da Allah a kaina, ya kashe mini kunne, ya raba ni da hawa. Shi ban yafe ba, duniya da lahira." Ya ɗago ya dube ni. "Tela, kai kana wurin. Duba mini. Yana cikinsu?"

Mai shayi ya sunkuyar da kai yana murza murfin buta. Ƙanin mamacin ya zuba mini ido. Mai unguwa ya kalli sandarsa. Babu wanda bai sani ba a wurin sai mutum ɗaya. Na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya kamar mai nema da gaske.

Na ce, "Bai zo ba, Yaya."

A hagunsa nake tsaye. Ya ga bakina ya motsa, ya karkato kai.

"Me ka ce? Zagayo ta nan."

Na zagaya bayan bencin, na sunkuya daidai kunnensa mai ji, na sake faɗa da ƙarfi, kowa yana ji.